Jan Layin da Na Sauke

Duk shekara, da azumi ya haura ashirin, sai in fara ganinku a bakin ƙofa, kun sha aski kun soke riga a wando, wai kun zo neman aikin Sallah. In na tambayi mutum me ya iya, sai ya ce, "Baba, ai danna kore ne a danna ja." Wato a wurinku aikin lilo ke nan: kore ya tashi, ja ya tsaya, da yamma a miƙo maka kuɗinka. Ba na jin haushinku sosai, don ni ma da wannan wautar na shigo. Shekara ashirin da shida ke nan ina tayar da lilo a filin wasan yaran nan na arewacin Kaduna, kuma har yau ban yarda na gama koyo ba. Sunana Isiyaku, amma rabon da wani ya kira ni haka tun mahaifiyata na da rai. Baba Isiya mai lilo, shi kowa ya sani, daga Rafin Guza inda nake zaune har Malali.

Aikin farko da aka ba ni shafa sarƙa ne. Wanda ya koya mini sana'ar, Malam Garba, Allah ya jiƙansa, tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, gajere, mai ƙaramar murya, wanda bai iya yabo ba ko kaɗan. Ya kai ni gindin lilon sarƙa, wancan babban da kuke gani daga titi, mai kujeru ashirin da huɗu rataye, wanda in ya ɗauki gudu kujerun ke buɗewa waje har ƙafar mutum ta fi katanga tsawo. Kowace kujera sarƙa huɗu ke riƙe da ita. Ya ce kullum da safe in bi kowace sarƙa da yatsuna, gaɓa bayan gaɓa, daga sama har ƙasa. Kwana biyu na yi da gaske. Daga na uku sai na koma shafawa kamar mai gaisawa da surukai, ina yi ina kallon masu sayar da alawa. Da mako ya cika ya tambaye ni abin da na gani, na ce lafiya lau. Ya ce to madalla, in zauna a kujera ta tara. Na zauna. Ya taka a hankali ya je ya ɗora yatsa a kan makunni, sannan ya ce in ɗaga kaina in dubi sarƙar hagu. Gaɓa ɗaya an goge ta da zarto, saura ƙiris ta rabu. Shi ya goge ta da hannunsa tun ranar da na fara aiki. Bai zage ni ba, bai kuma ɗauke yatsansa daga makunnin ba sai da ya ga na gama jiƙa rigata da gumi. Daga nan ya ce in sauko in ɗauko filaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, duk a akwatin ƙarfe ɗaya suke: sufana manya da ƙanana, filaya, guduma, gwangwanin giris, fis na ajiya, da doguwar sukudireba wadda ba a taɓa kwance noti da ita ba. Ita ce kunnenmu. Sai ka ɗora bakinta a kan gidan boris, wato ƙwallayen ƙarfen da inji ke juyawa a kansu, ka manna ƙotar a kunnenka, ka saurara. Boris mai lafiya yana gunji ne sumul. Wanda ya fara gajiya za ka ji kamar an zuba masa yashi, kuma zai faɗa maka haka mako biyu kafin ya tsaya. Ku da kullum kunnenku a toshe da waya, ban san ta inda za ku ji shi ba. Akwai kuma buhunan yashi. Kowace safiya sai mun ɗora wa kujeru buhuna mun tayar da lilo babu kowa, don in abu zai tsinke ya tsinke da yashi. Bayana da kuke gani ya ranƙwafa, buhunan nan ne, ba tsufa kaɗai ba.

A cikin akwatin akwai wani guntun rodi wanda Malam Garba ya yanka da kansa. Tsawonsa daga ƙasa ya kai mini wajen ƙirji. Ranar da ya nuna mini shi, sai ya zaunar da ni a kujerar lilo ya sauke ƙarfen tsaro, wato ƙarfen da ke tare cikin mai hawa. Ya ce yaron da ya kai tsawon rodin nan, ƙarfen a cinyarsa yake zama ya riƙe shi. Wanda bai kai ba, jikinsa ba ya cika kujera, in lilo ya karkata sai ya sulale ta ƙarƙashin ƙarfen, kuma a sama zai sulale, ba a ƙasa ba. Da rodin muka auna muka ja jan layi a jikin ƙarfe a gindin lilo. Yaro ya yi kuka, uwarsa ta yi magiya, ubansa ya nuna katin aiki, Malam Garba bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Na ga ya mayar da ɗan wani babban mutum da ya zo da masu tsaro biyu, a kan rabin yatsa.

Daga baya, bayan rasuwarsa, masu filin suka ga layin yana da wani amfani. Aka ce a mayar da shi ginshiƙin ƙofar shiga. Yaron da bai kai layi ba ya shiga kyauta da farin tikiti, ya hau dawakin juyi da ƙaramin jirgin ƙasa. Wanda ya wuce layi ya sayi shuɗin tikiti irin na manya, ya hau komai. Aka goge na gindin lilo, aka ce launin tikiti ya isa. Ban ga laifin tsarin ba a lokacin, tunda tsawon bai canza ba, kuma ni na ja sabon layin da rodin Malam Garba.

Shekarun nan an yi aiki mai daɗi. Washegarin Sallah tun hantsi za ka ga motocin 'yan Unguwar Rimi sun jeru, mata na fitowa da kuloli da tabarmi. Mutanenmu na Rafin Guza sukan haɗa kuɗi su ɗauki bas guda, yara ashirin da babba biyu. Malamin makarantar allo ma yakan kawo nasa 'ya'yan, ya zauna a inuwa yana jan carbi, in lilo ya tashi ya ƙara sauri. Na san iyaye iri-iri. Akwai mai cika baki cewa shi ba ya tsoro, ya hau da ɗansa, a zagaye na uku ka ji yana kiran sunan Allah da ƙarfi yana roƙon a tsayar. Akwai uwar da za ta rufe ido da mayafi har a gama. A wancan lokacin ƙaramin ma'aikaci yana iya cire kuɗin shigar gidansa duka daga albashi ba tare da an fasa miya ba, har ya saya wa kowa ƙanƙara mai zaƙi.

Cikin masu zuwa kowace ƙaramar Sallah akwai Malam Nuhu, akawu a wata ma'aikatar gwamnati, mazaunin Malali. Siriri ne, mai tsabta, hularsa kullum a karye daidai. 'Ya'yansa uku yake kawowa: Maryam babba, sai Sadiƙ, sai ƙaramarsu Ruƙayya. Mutum ne da ba ya son a ga gazawarsa a gaban 'ya'yansa, saboda haka komai nasa sai ya shirya tun daga gida. Wata shekara ya zo da igiyar auduga a aljihu, ya roƙe ni in riƙe masa bakinta a ƙasa, ya miƙe ta zuwa jan layi ya yanke. Ya ce zai rataye ta a bayan ƙofa, kafin Sallah ya riƙa auna yaran, don ya san tikiti nawa zai tanada. Na yi masa dariya na ce, "Malam Nuhu, aikin ofis ya bi ka har gida." Ya ce, "Baba Isiya, gara in sani tun a ɗaki da in sani a bakin ƙofa." Ita kuwa Ruƙayya ba ta da buri a duniya sai lilon sarƙa. Duk shekara tana gama dawakinta za ta zo ta tsaya a gefena, ta ɗaga kai tana kallon yayyenta a sama, ta ce, "Baba, baɗi zan kai?" In ce mata ta dage da cin tuwo.

Sai muguwar shekara ta zo. Ba sai na faɗa muku wacce ba, kun ci abinci a cikinta. Man dizal ya yi tashin gwauron zabo, mu kuwa rayuwarmu a kan janareto take, don ba wanda zai rataye yara ashirin da huɗu a sama ya dogara da wutar gari. Bel da boris da ake kawowa daga waje suka zama sai an yi shawara kafin a saya. Aka rufe ƙananan motocin karo na yara, aka lulluɓe su da tamfol. Aka ƙara kuɗin shiga, bayan wata huɗu aka sake ƙarawa. Aka hana shigowa da abinci daga gida, don a sayi na ciki. Aka ce in rage zagayen lilo daga goma sha biyu zuwa takwas, na rage, na koyi tayar da shi a hankali don yara su ga kamar an daɗe. Abin da ya taɓa shigar da gida guda ya koma da ƙyar yake shigar da mutum biyu. Na fara ganin abin da ban saba gani ba: uba ya zo da yara biyar, ya tsaya a bakin ƙofa yana zaɓen waɗanda za su shiga bana da waɗanda za su jira baɗi. Wasu su ce wanda ya yi azumi da yawa shi zai shiga. Sauran su manne da wayar shinge suna kallo.

Saura mako guda Sallah manajanmu ya kira ni. Yaro ne a kaina, mai ladabi, kuma na san shi ma ba barci yake yi ba.

"Baba Isiya, layin nan naka ya cika tsawo," ya ce. "Kusan rabin yaran da ke shigowa kyauta suke shiga."

"Ranka ya daɗe, ba ni na sa masa tsawo ba. Kujerar lilo ce ta sa."

"Ka sauke shi da yatsu huɗu. Huɗu kacal. Wa zai lura?"

"Duk wanda ya sayi shuɗi fa zai ce sai ya hau lilon sarƙa."

"Ba kai ne a wurin ba? Ka san yadda za ka yi da su. Ko ka fi so bayan Sallah a sallami mutum biyar? Ni ma daga sama aka matso ni, wallahi."

Zan iya ce muku tilasta mini aka yi, amma ƙarya ce. Na ce to. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, aikin na yi shi da kyau. Washegari da sassafe na ɗauko burushi, ban tsaya a goge layin kawai ba, don tabo zai nuna. Ginshiƙin gaba ɗaya na shafe da koren fenti, sau biyu, na bari ya bushe. Na jingina rodin Malam Garba, na ɗora yatsuna huɗu a ƙarƙashin kansa, na ja sabon jan layi, miƙaƙƙe tsaf. Masu wucewa har sannu suke mini, wai ana gyaran Sallah.

Ranar Sallah dabara ta yi aiki. In na ga yaro da shuɗin tikiti alhali idona ya gaya mini bai kai ba, sai in ce kujera ta cika, ko in ce ya fara da jirgi tukuna, ko in tsorata shi da cewa jiya wani ya yi amai. Yawancinsu dama gabansu na faɗuwa, iyayen kuma suna can suna ɗaukar hoto. Na koma gida ina ce wa kaina ashe abin ba wuya.

Washegari, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Asabe mai sayar da tikiti ta aiko a kira ni. Na tarar da Malam Nuhu a bakin ƙofa da yaransa uku cikin sababbin kaya. Ruƙayya na tsaye jikin ginshiƙi, kanta ya ɗan haura jan layi. Shi kuma igiyarsa na hannunsa. Ya taka bakinta da ƙafa ya miƙe ta, ta wuce layin da kusan yatsu huɗu.

"Baba, ni na ce masa ta wuce layi, shi kuma ya ce igiyarsa ba ta ce haka ba," in ji Asabe. Ita ba ta san komai ba.

Malam Nuhu ya gaishe ni, ya yi mini barka da Sallah, sannan ya ce a hankali, "Baba Isiya, shekaranjiya na auna ta, da saura. Kai ka riƙe mini igiyar nan ranar da na yanke ta. In kai ka ce ta kai, na yarda."

Mutane sun taru a bayansa suna jira, rana ta fara zafi. Na karɓi igiyar, na juya ta, na ja ta tsakanin hannuwana kamar mai bincike. Sannan na ce, "Malam Nuhu, igiyar auduga ce. Tana saki. Damina biyu ta bi ta kanta tana rataye, dole ta ƙara tsawo."

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, kuma ta zauna daram, don ƙarya ce irin ta mai sana'a. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce, "Ashe. Ban yi wannan tunanin ba." Ya naɗe ta ya mayar aljihu.

Ruƙayya ta daka tsalle. "Baba, na girma! Yaya Maryam, kin ji, na girma!"

Kuɗin tikiti uku ya zo da shi, nasa da na Maryam da na Sadiƙ, sai na komawa gida. Na ga ya juya baya kaɗan ya duba aljihu, duk da ya san abin da ke ciki. Sai ya sayi uku, ya miƙa wa yaran, ya ce da Maryam ta kula da ƙannenta. Ya ce shi dama kansa na ɗan ciwo, kiɗan ciki zai dame shi, zai jira su a waje. Maryam ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

Na koma gindin lilo. Kafin in isa, Ruƙayya ta riga ni. Tana cikin jerin masu jira, ta uku daga gaba, ta riƙe shuɗin tikitinta da hannu biyu. Lilon sarƙa kusa da shinge yake, kuma ta can na hango Malam Nuhu ya zagayo ya tsaya, yana ɗaga mata hannu. Ita ba zan ce mata kujera ta cika ba, tana gani. Ba zan tsorata ta ba, shekara uku tana jiran ranar. Ba zan ce ba ta kai ba, don ni da bakina na ce ta kai, a gaban ubanta, kuma kan maganata ya ba da tikitinsa. In kuwa na ɗora ta, na san inda ƙarfen tsaro zai tsaya mata, na kuma san abin da zagaye na huɗu ke yi wa kujera.

Hanya ɗaya ce mai kyau, kowa a cikinku ya gan ta: in taka zuwa shinge in ce, Malam Nuhu, na yi maka ƙarya. Taku goma ne. Ban iya ba. Da waɗanda ke sama suka sauko, sai na buɗe akwatin wuta kamar mai duba wani abu, na zare fis na jefa a aljihu. Na danna kore, shiru. Na sake dannawa, na girgiza kai, na ce wa jama'a a yi haƙuri, inji ya samu matsala.

Na ɗauki sufana na shige ƙarƙashin lilo na kwanta. A ranar da ta fi kowace rana ciniki a shekara, ni da ake cewa ban taɓa barin lilo ya kwana da ciwo ba, na kwanta ina bugun ƙarfen da lafiyarsa ƙalau. In kwance noti in ɗaure. Manaja ya zo ya leƙo sau uku, ina ce masa boris ne, a ba ni lokaci. Jeri ya watse, wasu na tsaki, wasu na cewa a mayar musu da kuɗinsu. Ta inda nake kwance ƙafafu kawai nake gani, suna raguwa, har saura guda biyu, ƙanana, da lalle, cikin farin takalmi mai ɗan fure.

Na ji Maryam na lallashinta. "Zo mu je ki hau doki kafin a gyara."

"Doki na yara ne. Ni na girma."

"To jirgi fa?"

"In na tafi wani zai shiga gabana."

Can sai ta durƙusa ta leƙo, ɗankwalinta na jan ƙasa. "Baba, ya kusa?"

"Saura kaɗan, 'yata."

Sau huɗu ta tambaye ni, sau huɗu na ba ta wannan amsa. Na fito na yi azahar na koma, tana nan. Sadiƙ ya kawo mata ruwa ta sha a tsaye. Na yi ta addu'a ta gaji ta tafi wajen dawaki, ko ta ci wani abu daga tikitin ubanta. Ba ta tafi ba. Tun da nake ban taɓa jin na raina kaina kamar wannan yini ba, ina kwance cikin giris da ƙura, ina ɓuya daga yarinya 'yar shekara bakwai. Har aka kira la'asar ba ta hau komai ba.

Daga wannan shekara Malam Nuhu bai sake kawo su ba. Kuɗin shiga ya sake hawa, yanzu ma'aikaci irinsa sai dai ya bi ta titi da yaransa. Ruƙayya ta daɗe da wuce rodin Malam Garba na gaskiya, na gan ta kwanaki da kayan makaranta, ta yi tsawo. Layin kuma yana nan inda na sauke shi, gobe in kun zo ku duba. Abin da kawai na iya shi ne na fito da rodin daga akwati na ɗaure shi a gindin lilo, in auna da shi, in sha zagin iyaye. Amma bari in ƙarasa muku ranar.

Bayan la'asar Maryam ta ja ta suka nufi ƙofa, tana tafiya tana waiwaye. Na fito daga ƙarƙashi ina goge hannu. Sai na ji an ce, "Baba Isiya." Malam Nuhu ne ta bayan shinge. Rana ta gasa shi, hular nan ta jiƙe. Na matsa, wayar shinge a tsakaninmu.

"Sannu da aiki," ya ce.

"Yawwa, Malam Nuhu. Ka ga abin da inji ya yi mana yau."

Ya matso jikin wayar. "Da na gaji da tsayuwa na je na jingina da ginshiƙin ƙofa. Hannuna ya taɓa tsohon layin a ƙarƙashin fenti. Yana da ɗan tudu. Na gwada igiyata a kansa, ba ta saki ba."

Na sunkuyar da kai, na ci gaba da goge hannu.

"Na kuma ga lokacin da ka sa abu a aljihu," ya ce. "Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na tuna abin da layin yake yi tun asali. Na gode da ba ka ɗora ta ba."

"Malam Nuhu, ka yafe mini. Bari in je in karɓo maka kuɗinka, ko daga aljihuna ne."

"A'a. In ka mayar, za ta tambayi dalili. Tun safe take murna ta girma, ita ke nan abin da ta samu yau. Ka bar mata shi."

Bai ɗaga murya ba, bai ce Allah ya isa ba, da ya faɗa da na ji sauƙi. Ya yi mini sallama ya juya wajen yaransa.

Manaja na tsaye a kaina, sababbin mutane sun fara taruwa. Na so in jira su Malam Nuhu su yi nisa, amma ba ni da sauran ƙaryar da zan yi. Na mayar da fis, na cika kujeru, na danna kore. Kiɗa ya tashi, sarƙoƙi suka buɗe, kujeru suka haura saman katanga inda duk wanda ke titi zai gani. Su kuwa suna bakin titi suna tsayar da keke napep. Na ga Ruƙayya ta juyo, ta kama hannun ubanta da hannu biyu tana ja, tana nuna sama. Shi bai waiwayo ba. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya sa ta a keke, ya shiga ya zauna ta gefen da zai tare mata filin.